Abdulkarim Bajamushe: Baƙon da ya ratsa Fezzan a 1850, da darasinsa ga yawon buɗe ido bayan korona

Lokacin da aka sassauta kullen korona, hirar da ta fi yawa a bakin direbobi da masu sansanonin baƙi, daga nan Sabha har Jarma da Ubari da Gat, ita ce yaushe 'yan yawon buɗe ido za su dawo kamar da. Ba laifinsu ba ne, domin tukunyar gidaje da yawa a kan wannan sana'a take. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan: wane irin baƙo muke so ya dawo, kuma wa zai ci moriyar zuwansa? Don haka na ga ya dace in kawo muku tarihin wani baƙo da ya taka wannan ƙasa fiye da shekara 170 da suka wuce, ya ji Hausa, ya kwana a Kano da Katsina da Sakkwato. Sunansa Heinrich Barth, amma daga Murzuk har Tambutu da Abdulkarim aka san shi.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821, a gidan wani ɗan kasuwa. Ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa a Jami'ar Barlin, inda ya zauna gaban mashahurin malamin nan Carl Ritter, ya kammala digirin digirgir a 1844 da bincike kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na Girka. Daga nan ya je Landan ya ƙara karatun Larabci, sannan tsakanin 1845 da 1847 ya zagaye gaɓar Bahar Rum, ta Maroko da Tunisiya da Tarabulus da Masar da Sham. A wannan tafiya ce 'yan fashi suka tare shi kusa da iyakar Masar, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya har da rubuce-rubucensa. Wani da ya tuba da tafiya daga ranar. Shi kuwa ko a jikinsa.

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya tura ayari zuwa Borno da ƙasar Hausa ƙarƙashin wani Bature mai suna James Richardson, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar tsayar da cinikin bayi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Suka tashi daga Tarabulus a ƙarshen Maris na 1850, har da kwalekwale da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, domin a shiga Tafkin Chadi da shi. Suka ratsa Hamada al-Hamra, suka gangaro Wadi Shati, suka shiga kwarin da muke kira Wadi al-Hayat a yau, suka tsaya a Jarma inda Barth ya duba kufan mutanen da, sannan suka isa Murzuk ranar 6 ga Mayu. A lokacin Murzuk ce hedikwatar Fezzan a ƙarƙashin Turkawa, kuma babban zangon ayarin Borno da na ƙasar Hausa. A nan Fezzan ya ɗauki wani mutumin Gatrun, Muhammad al-Gatruni, wanda ya zame masa amintaccen abokin tafiya. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Dutse biyu a wata guda

Abubuwa biyu suka same shi a watan Yulin 1850, a kan hanyar Murzuk zuwa Gat, kuma duk mai maganar yawon buɗe ido a Fezzan ya kamata ya san su.

Na farko, a wani kwari na tudun Masak da ake kira Tilizaghen, ya ci karo da zane-zane da aka sassaƙa a jikin dutse: garken shanu, da wasu siffofi biyu masu jikin mutum da kan dabba suna fuskantar juna, ga sa a tsakaninsu. Ya zauna ya kwafe su da hannu a littafinsa. Ya lura cewa shanu sun yi yawa a zanen, raƙumi kuwa babu, sai ya fahimci cewa an yi zamanin da wannan ƙasa ke da ruwa da ciyawar da za su riƙe shanu, tun kafin raƙumi ya zama jirgin hamada. Masana na baya sun tabbatar da wannan fahimta tasa. Yana cikin Turawan farko da suka ba duniya labarin zanen duwatsun Sahara. Abin da nake so a lura da shi shi ne, ya tafi da hoton a takarda, dutsen kuwa ya bar shi a inda ya same shi.

Na biyu, da suka kusa Gat, sai ya ƙwallafa rai a kan hawa dutsen Idinen, wanda mutanen wurin ke kira fadar aljannu. Buzayen da ke rakiyar ayarin suka hana shi, kuma babu wanda ya yarda ya yi masa jagora. Ya ƙi ji. Ranar 15 ga Yuli ya kama hanya shi kaɗai da ɗan ruwa a salka da ɗan guzuri. Ya kai saman dutsen, amma a dawowa ruwa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ya kwana a fili, washegari rana ta buɗe masa wuta. Ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyar hannunsa yana tsotsar jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa a kan raƙumi, ya tsince shi rai a hannun Allah, ya dawo da shi zango. Mutumin da ke da digirin digirgir a kan, ga Larabci, ga kamfas a aljihu, sai da ya koma hannun wanda ya san ƙasa. Gaskiyar Bahaushe ce da ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Daga Azbin zuwa Kano

Bayan Gat suka nufi Azbin, inda aka tare su aka karɓe musu dukiya mai yawa kafin a bar su su wuce. A nan Barth ya ga cewa Buzayen Kel Owi suna jin Hausa kamar harshensu, sai ya duƙufa a kan koyonta daga bakin 'yan ayari da barorinsu. A watan Oktoba na 1850 ya tafi Agadas ba tare da sauran Turawan ba, ya ga bikin naɗa Sarki Abdulƙadir. Har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya sauka a tsohon garin.

A Janairun 1851 su ukun suka rabu a Damargu, kowa ya kama hanyarsa da alƙawarin haɗuwa a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, zamanin Sarki Usman. Ya iso da bashi a wuya da zazzaɓi a jiki, amma bai kwanta ba. Ya zaga unguwanni, ya zana taswirar gari, ya tambayi farashin kaya a kasuwa, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma suna iya ninkawa a lokacin da fatake suka cika gari. Ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa Murzuk da Gat har Tarabulus, da kuma Tambutu ta yamma. Mu Hausawan da ke zaune a Fezzan, wannan shaida ce a rubuce cewa hanyar da ta haɗa mu da wannan ƙasa ba ta jiya ba ce.

Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a Maris na 1851. Barth ya isa wurin Shehu Umar na Borno, daga can ya gangara kudu ya ga Kogin Binuwai a watan Yuni, ya isa Yola inda Lamiɗo Lawal ya ba shi 'yan kwanaki ya ce ya koma. Overweg, wanda ya shiga Tafkin Chadi da kwalekwalen nan, shi ma ya rasu a Satumban 1852. Barth ya rage shi kaɗai a cikin Turawan. Maimakon ya juya gida, sai ya yi yamma: Damagaram, Katsina, Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Sakkwato, Gwandu. A wannan yanki ya sadu da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, ya yaba da zurfin iliminsa. A Gwandu aka ba shi aron kwafin Tarikh al-Sudan, ya yi kwanaki yana kwafar abin da ya iya, duk da cewa ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne. Ta hanyarsa Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai daga alƙalamin malaman ƙasar.

Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Nan ma da ba don mai masauki ba da labari ya sha bamban, domin akwai masu neman a kore shi ko a kashe shi. Shehu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Kunta, ya tsaya tsayin daka ya ba shi amana na tsawon watanni, suna zama suna muhawara a kan addini da ilimi, har ya raka shi da kansa wani yanki na hanyar dawowa. A Turai kuwa an riga an baza labarin ya mutu. Ya komo ta Sakkwato da Kano da Kukawa, ya hau hanyar Bilma, ya sake ratsa Fezzan ta Gatrun da Murzuk, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agustan 1855. Shekara biyar da wata biyar, tafiyar da ta kusa kilomita 20,000.

Ya wallafa labarin tafiyar a mujalladi biyar, da Turanci da Jamusanci, a 1857 da 1858, daga baya kuma ya fitar da tarin kalmomin harsunan da ya koya, ciki har da Hausa da Barbarci da Fillanci. Littafin ya yi wa masu karatun zamaninsa nauyi, domin ya cika shi da sunayen garuruwa da rijiyoyi da sarakuna da malamai, ba labaran farauta da suke so ba. Sai a 1863 ya samu kujerar koyarwa a Jami'ar Barlin, ita ma ba cikakkiya ba. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Ba waliyyi ba ne, kuma bai kamata a wanke shi tas ba. Mutum ne mai girman kai da saurin ɓata da mutane. A hanyar Tambutu ya ɓoye addininsa, ya fito a matsayin Balarabe mai kai wa Shehu littattafai. Ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu inda aka kama bayi, ko da yake ya rubuta ta'asar da ya gani ba tare da ɓoyewa ba. Kuma taswirori da bayanan da ya tara sun amfani 'yan mulkin mallakar da suka zo bayansa. Wannan ma darasi ne: abin da baƙo ya gani ya rubuta yana iya komawa hannun da mai gida bai zata ba, don haka dole mai gida ya kasance da ta cewa a kan abin da ake nunawa da yadda ake nuna shi.

Waɗanda suka kai shi suka dawo da shi

Idan aka cire Muhammad al-Gatruni da Buzun da ya bi sawu a Idinen da Shehu al-Bakka'i, babu Barth. Al-Gatruni ya ci gaba da wannan aiki, har shi ne ya raka wani Bajamushen, Gustav Nachtigal, zuwa duwatsun Tibesti a 1869. Akwai kuma yara biyu da Overweg ya 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu, waɗanda Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram. A Ingila ya zauna da wani mai nazarin harshe, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya koma gida, ya koyar a makarantar Nassarawa ta Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Yaron da ya ratsa Fezzan a bayan raƙumin wani ya ƙare a matsayin malamin makaranta, kuma maganarsa na cikin Hausar farko da aka buga a littafin boko.

To, ina jikokin al-Gatruni a yau? Suna nan, su ne direbobi da masu dafa abinci da masu kafa tanti. Kafin 2011, lokacin da jirage ke sauke Turawa a Sabha da Gat, su ne suka san kowace rijiya da kowane tudun rairayi, amma galibin cinikin a ofisoshin Turai da na Tarabulus ake ƙulla shi, su kuwa sai ladan yini. Kuma ba za mu manta da ɓarnar wancan zamani ba. An riƙa watsa wa zanen duwatsu ruwa don launi ya fito a hoto, abin da ke cinye fentin a hankali. An riƙa tsintar kayan aikin dutse na mutanen da ana cusawa a jaka. An rubuta sunaye a kan zanen da ya shekara dubbai. A 2009 wani ya fesa fenti a kan wurare da dama a Akakus. Tayoyin mota sun yi wa fili kaca-kaca, robobi da gwangwanaye sun taru a bakin tafkunan Gabar'aun da Ummul Ma. Tafkin Mandara kuwa ya ƙafe, abin da ke tuna mana cewa ruwan ƙarƙashin ƙasar nan tsohon ajiya ne, ba ruwan sama ke cika shi duk shekara ba.

Hukumar UNESCO ta sa zanen duwatsun Akakus cikin kayan tarihin duniya a 1985, ta kuma ƙiyasta cewa mafi tsufansu sun kai shekara 12,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2016 ta mayar da su jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda halin da ƙasa ta shiga. Sannan korona ta zo. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Libiya ranar 24 ga Maris, 2020, kuma bayan 'yan makonni Sabha ta zama cikin garuruwan da cutar ta fi kamari. A duniya baki ɗaya, masu tafiya ƙasashen waje sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 a wannan shekara. Mu da yaƙi ya riga ya tsayar mana da sana'ar, annobar ta ƙarasa rufe ƙofa. Amma rufewar ta ba mu abin da ba a cika samu ba: damar tsara gida kafin baƙo ya iso.

Yadda za a tsara gidan

Kakanninmu fatake ba su yi tafiya da ka ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ya san hanya, a kowane zango kuma akwai fatoma da ke sauke baƙo, ya tsare masa kaya, ya amsa laifinsa idan ya yi. Da wannan tsari Barth ya rayu. Shi nake ganin ya kamata a farfaɗo da shi da kayan zamani.

Kada wata mota ta shiga Akakus ko Masak ba tare da jagaba ɗan yankin ba, mai rajista, wanda aka horar da shi a kan tarihin wurin da yadda ake kula da shi. Direbobi da jagabanni su haɗu su yi ƙungiyar kansu, su riƙa ƙulla ciniki kai tsaye ta intanet, kuɗin ya tsaya a Gat da Ubari da Jarma. A tsayar da hanyoyin mota, a bar su nesa da zane, a ƙarasa da ƙafa ko a kan raƙumi, wanda shi ma abinci ne ga masu raƙuma. A ƙayyade yawan masu shiga wuri a rana. Faransa ta rufe kogon Lasko a 1963 da ta ga numfashin baƙi na lalata zanen cikinsa, ta gina irinsa a kusa ta buɗe a 1983, kuma baƙi ba su daina zuwa ba. A nan maƙwabta, zanen raƙuman dawa na Dabus da ke arewa da Agadas, Buzayen wurin ne ke gadinsa suna yi wa baƙi jagora. Duk sansani ya fita da shararsa, ya auna ruwan da yake kashewa. Wani kaso na kuɗin shiga ya tafi ga gadi da gyaran rijiyoyi, a kuma riƙa bayyana lissafin a fili.

Sannan a daina auna nasara da yawan kawuna. Baƙo goma da za su yi mako biyu, su ci dabinon garin, su sayi aikin maƙera da na dukawa, su zauna hira da dattawa, sun fi ɗari da za su zo da abincinsu a kwali, su yi tseren mota a kan tudu, su juya a kwana biyu. Kuma kada a sake jingina komai da baƙon ƙetare, wanda annoba ko rikici ke iya tsayar da shi a dare ɗaya. Iyalai daga Tarabulus da Misrata da Bengazi ma baƙi ne, kuma su ba sa jiran biza.

A nan akwai rabonmu, mu masu jin Hausa. Matasanmu da yawa suna jin Hausa da Larabci, wasu har da Faransanci ko Turanci ko Buzanci. Wannan jari ne. Tsohuwar hanyar ayari daga Murzuk zuwa Gat, da labarin tufafin Kano da na Dorugu, da tarihin bayin da aka ratso da su ta nan, wanda dole a faɗe shi da gaskiya, duk abubuwa ne da baƙo mai hankali zai biya don ya ji daga bakin wanda abin ya shafi kakanninsa. Ya fi wa yaro mutunci a kan hanyoyin dare da muka san suna cinye mana matasa a iyaka.

Ni aikina koyarwa ne, kuma na san galibin yaran da ke gabana ba su taɓa ganin Jarma ba, ga ta nan kusan kilomita 150 daga Sabha, balle Akakus. Wanda bai san darajar abu ba, ba zai hana a fesa masa fenti ba. Don haka kafin a buga talla a Turai, a fara ɗaukar ɗaliban makarantunmu a kai su, a ba kowa takarda da fensir ya zauna gaban dutse ya kwafa da hannunsa, ba taɓawa, ba rubutu a jiki. Iyaye da malamai da masu motoci, wannan ba ya buƙatar jiran kasafin gwamnati. Mota biyu da guzurin yini sun isa a fara a hutun sanyi mai zuwa. Allah Ya zaunar mana da ƙasa lafiya, Ya kawo mana baƙi na gari.